Dalilin da Ya Sa Wata Manhajar Ke Ƙin Shiga Kwamfuta

Koren layin da ke nuna ci gaban aiki ya kusa kai ƙarshe, sai ya tsaya cak, ya fara ja da baya. Can sai ga wani ɗan akwati ya faɗo da lamba 0x80070666. A shagunan buga takardu da na gyaran kwamfuta, hukuncin da mai kaya ya fi ji a nan shi ne, "Oga, sai dai a yi mata fomat." Amma sau da yawa kwamfutar lafiyarta ƙalau. Abin da lambar take faɗa shi ne akwai wata sigar wannan kayan a ciki tuntuni.

Asalin rikicin aro ne. Masu rubuta manhajar Windows ba sa ƙera komai da kansu. Ƙananan ayyuka irin su lissafi, buɗe fayil da rabon wurin ajiya, suna cikin wasu fayiloli masu ƙarewa da DLL, waɗanda manhajoji da yawa ke amfani da su tare, kamar 'yan haya da ke shiga ta ƙofar zaure ɗaya. Mafi shahara a cikinsu su ne na Microsoft Visual C++ Redistributable.

A zamanin Windows 95 da 98, sabuwar manhaja kan zo da nata kwafin fayil ta danne wanda ta tarar, ko da nata ne tsoho. Tamkar sabon ɗan haya ne ya canza kwaɗon zaure, makullan kowa suka daina buɗewa. Masana suka laƙaba wa matsalar suna jahannamar DLL. A Windows XP, wadda ta fito a 2001, Microsoft ya samar da ma'ajiyar WinSxS domin sigogi daban-daban su zauna gefe da gefe.

Shi ya sa wanda ya buɗe jerin manhajojin kwamfutarsa zai ga Visual C++ na 2005, 2008, 2010, 2012 da 2013 a jere, wasu har sau biyu. Mutane da yawa kan ɗauka shara ce su goge, washegari manhajar zane ko ta lissafin kuɗi ta ƙi tashi. Kowace shekara tana da masu dogaro da ita, kuma sabuwa ba ta maye gurbin tsohuwa.

Daga 2015 tsarin ya sauya. Sigogin 2015, 2017, 2019 da 2022 fayiloli ɗaya suke rabawa, don haka na baya-bayan nan yana ɗauke da nauyin dukkansu. A nan lambar 0x80070666 ke yawan fitowa: manhajar da ake sakawa ta zo da na 2015 a ƙunshe, ya tarar da na 2022, ya ƙi shiga, ita kuma ta ɗauka komai ya lalace ta janye. Masu gyara kan fara da zaɓin gyara a kan sigar da ke ciki. In abin ya ƙi, sai su cire ta na ɗan lokaci, su saka manhajar, sannan su sauko da sabuwar daga shafin Microsoft su mayar.

Wani lokacin kuma saƙon kan ce wani fayil ya ɓace, kuma sunan fayil ɗin shi ma yana faɗin shekararsa. MSVCR100.dll na 2010 ne, MSVCR110.dll na 2012, MSVCR120.dll na 2013, VCRUNTIME140.dll da MSVCP140.dll kuma na 2015 zuwa sama.

Sai kuma lambar 0xc000007b, wadda galibi ke nufin an haɗa fayil mai bit 32 da manhaja mai bit 64, ko akasin haka. Ko kwamfuta mai bit 64 ce, tsohuwar manhaja mai bit 32 sigar x86 take nema, shi ya sa ake saka x86 (ta bit 32) da x64 (ta bit 64) duka. Sunayen ma'ajiyoyin ma suna ruɗarwa: fayilolin bit 64 suna cikin System32, na bit 32 kuma suna cikin SysWOW64. Wanda ya sauko da DLL guda ɗaya daga wani shafin intanet ya jefa shi inda sunan ya ja shi, ya ƙara wa kansa aiki, ban da haɗarin shigo da muguwar manhaja.

Masu riƙe da Windows 7 kan gamu da saƙon ɓacewar api-ms-win-crt-runtime-l1-1-0.dll. Maganinsa sabuntawa ce mai lamba KB2999226, wadda ba ta shiga sai kwamfutar tana da Service Pack 1.

Idan duk wannan bai warware ba, akwai bayanin da manhajar ke bari a baya. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta %temp%, sai ma'ajiyar wucin gadi ta buɗe. Fayilolin da sunansu ya fara da dd_vcredist suna ɗauke da duk matakin da aka bi, layi bayan layi, da lokacinsa. Kusa da ƙarshen fayil ɗin ake samun lambar kuskuren da sunan ƙunshin da aikin ya tsaya a kansa.