Furta Zunubi a Gaban Fada: Yadda 'Yan Katolika Ke Neman Gafara

A ranar 16 ga Oktoba, 2023, Fafaroma Francis ya yanke Katsina daga ƙarƙashin Sakkwato, ya mai da ita dayosis mai cin gashin kanta, ya kuma naɗa Fada Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan Malumfashi, a matsayin bishop ɗinta na farko. An yi bikin keɓe shi ranar 12 ga Disamba na wannan shekarar, kujerarsa kuwa tana cocin St. Martin de Porres a cikin garin Katsina. Ke nan ɗariƙar Katolika ta zauna da gindinta a jihar. Mazaunin unguwar Ƙofar Marusa a birnin Katsina yana hulɗa da mabiyanta safe da yamma: mai sayar da kayan gyaran mota, ma'aikaciyar jinya, malamin makaranta, ɗan bautar ƙasa, da Hausawa Kiristoci daga ƙasar Malumfashi da Ƙafur.

Duk da wannan cuɗanya, in hira ta biyo ta kan ibadarsu a majalisa, abin da aka fi ji shi ne: "Ai su wurin fada suke zuwa ya yafe musu zunubi." Wani ya ƙara da cewa kuɗi ake biya, wani ya ce da zarar an fito sai a koma gidan jiya. Akwai ƙanshin gaskiya a magana ta farko, sauran biyun kuwa sun saɓa wa abin da cocin ke koyarwa. Ya kamata mai son ya yarda ko ya yi musu ya fara sanin yadda abin yake a wurin masu shi.

Yadda ake yi

Furta zunubi ɗaya ne daga cikin manyan ibadu bakwai da Katolika ke kira sakramenti, tare da irin su baftisma da jibin Ubangiji da aure. Aikin yana farawa tun daga gida. Mutum zai zauna ya binciki zuciyarsa, ya tuna abin da ya aikata tun ranar da ya yi furci na ƙarshe. Sai ya je coci a lokacin da aka keɓe, galibi ranar Asabar ko kafin a fara sujada, ya bi layi. An fi samun cinkoso a lokacin azuminsu na kwana 40 da ke gabanin Ista, da makonnin da ke gabanin Kirsimeti.

Fada yana zaune da wani siririn ƙyalle mai launin shunayya rataye a wuyansa. Dokar coci ta ba mai furci damar ya durƙusa a bayan shamaki mai ƙananan ramuka don kada a ga fuskarsa, ko ya zauna gaba da gaba idan ya fi son haka. Ba a tambayarsa sunansa. Zai faɗi tsawon lokacin da ya ɗauka rabonsa da furci, sa'an nan ya lissafa manyan zunubansa: irinsu da yawansu, gwargwadon abin da ya iya tunawa. Babban zunubi a wurinsu shi ne wanda ya haɗa abu uku: laifin ya zama mai nauyi kamar kisa ko zina ko babbar sata, mutum ya san laifi ne, ya kuma aikata shi da ganganci. Wanda ya ɓoye irin wannan zunubi yana sane, furcinsa ya ɓaci gaba ɗaya. An kuma hana fada ya tambayi sunan wanda aka yi laifin tare da shi.

Bayan fada ya saurara, zai yi nasiha, ya ɗora wa mutum wani aiki na kaffara: addu'o'i, ko azumi, ko sadaka, ko hidima ga mabuƙaci. Mai furci zai karanta addu'ar nadama, sai fada ya ɗaga hannu ya karanta kalmomin kwance zunubi. Yawanci cikin 'yan mintoci an gama.

Ba a biyan ko sisin kwabo. Karɓar kuɗi a kan wannan ibada babban laifi ne a dokar coci. Babu kuma wanda ya fi ƙarfin durƙusawa: fada yana furta nasa ga wani fada, bishop ma haka. A watan Maris na 2014 duniya ta ga Fafaroma Francis ya durƙusa a gaban wani fada a babbar majami'ar St. Peter da ke Rum, ya yi nasa furcin kafin ya zauna sauraron na wasu. Yara kan fara tun suna wajen shekara 7, kafin a ba su izinin karɓar jibin Ubangiji. Ba a yi ta waya, ba a yi ta intanet, dole mutum ya je da ƙafarsa, ko fada ya same shi idan yana kwance ba lafiya.

Sharuɗɗan da ba baƙi ba

Ɗalibin da ya karanta Ahalari a zauren malam ya san cewa tun a shafukan farko littafin ya kawo sharuɗɗan tuba: nadama a kan abin da ya wuce, niyyar ba za a koma ba, da barin saɓon nan take. Wanda ya duba koyarwar Katolika zai tarar da kusan waɗannan. Littafin koyarwarsu da aka fitar a 1992 ya sa nadama a gaba da komai, tare da ƙudurin daina laifin. In babu wannan, kalmomin fada ba su da wani amfani, domin Allah ba a yi masa wayo. Fadan da ya fahimci mutum ba shi da niyyar barin abin da yake yi yana da ikon ƙin kwance masa zunubin.

Haƙƙin mutane ma bai faɗi ba. Wanda ya yi sata sai ya mayar da kayan. Wanda ya ɓata sunan wani sai ya wanke shi a idon jama'a. Wanda ya jawo wa wani asara sai ya biya diyya. Ɗan kasuwar da ya tauye mudu, ko ma'aikacin da ya ci kuɗin marayu, ba zai fito daga coci ya ce bashin ya sauka daga wuyansa ba. Haka kuma furci ba ya kare kowa daga hukuncin kotu.

Inda hanya ta rabu

Kamannin sharuɗɗa bai kamata ya rufe ainihin saɓanin ba. A Musulunci tuba tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, babu ɗan tsakani. Malami yana ba da fatawa, yana nuna yadda ake kaffara, amma ba shi da hurumin cewa an gafarta wa wane. Hasali ma an kwaɗaitar da Musulmi ya rufa wa kansa asiri, kuma hadisin da ke cikin Buhari da Muslim ya yi kashedi ga wanda Allah ya suturta da dare, gari ya waye ya shiga tallar abin da ya aikata.

'Yan Katolika su ma suna cewa Allah kaɗai ke gafarta zunubi. Abin da suka ƙara shi ne imanin cewa Yesu Almasihu ya ba manzanninsa ikon isar da wannan gafara, ikon kuma ya gangaro daga gare su zuwa bishop-bishop da fadoji. Hujjarsu tana cikin Bisharar Yohanna, sura ta 20, da Wasiƙar Yaƙub, sura ta 5. Dokarsu tana kallon fada a wannan kujera a matsayin alƙali kuma likita. Suna kuma ganin cewa zunubi, ko a ɓoye aka yi shi, yana cutar da jama'ar masu bi, don haka sulhu da Allah yana tafiya tare da sulhu da ikilisiya.

Ba duk Kiristoci suka yarda da wannan ba. Mabiya ECWA, waɗanda suke da yawa a ƙasar Katsina, da 'yan Baftis da cocin Fentikos, suna furta zunubinsu ga Allah kai tsaye. Angilika ta bar ƙofa a buɗe ga mai so, ba ta tilasta ba. Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha da sauran cocin Otodoks kuwa suna furci a gaban limamansu kamar Katolika. Saboda haka kuskure ne a ɗora wa kowane Kirista wannan al'ada.

Daga bainar jama'a zuwa bayan shamaki

A ƙarnonin farko na Kiristanci abin ya fi haka tsanani. Wanda ya yi kisa ko zina ko ridda yakan yi kaffara a bainar jama'a, wani lokaci shekaru, kuma a wurare da dama sau ɗaya tak ake ba mutum wannan dama a rayuwarsa. Sufayen Kirista na tsibirin Ailan ne, a ƙarni na 6 da na 7, suka yaɗa furci a asirce wanda ake iya maimaitawa, suka tsallaka da shi cikin Turai. A 1215 babban taron Lateran na huɗu, ƙarƙashin Fafaroma Innocent na Uku, ya wajabta wa kowane mai hankali ya yi furci aƙalla sau ɗaya a shekara, dokar da take aiki har yau.

Zargin kuɗi yana da tushe a tarihi. A farkon ƙarni na 16 wasu masu wa'azi a Jamus sun riƙa sayar da takardun sassauta horon zunubi don tara kuɗin ginin majami'ar St. Peter. Wannan ne ya harzuƙa Martin Luther a 1517, har aka kai ga rabuwar coci. Babban taron Katolika na Trent ya tabbatar da koyarwar furci a 1551, a 1567 kuma Fafaroma Pius na Biyar ya soke duk wani sassauci da ke haɗe da biyan kuɗi. A wannan zamanin ne Charles Borromeo, babban bishop na Milan, ya yaɗa akwatin katako mai shamaki da ake gani a coci-coci.

A nan gida kuwa, Katsina ta ga fadoji tun kafin zuwan Turawan mulki. A 1710 wasu biyu 'yan ƙungiyar Faransiskan, Carlo Maria na Genoa da Severino, suka taso daga Tarabulus suka keto Sahara ta Fazzan da Agadas, suna bin labarin cewa akwai Kiristoci a Kwararrafa. Ciwo ya kama su a Katsina, suka rasu a 1711, kusan shekara 100 kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Aikin Katolika a yankin bai kafu ba sai a ƙarni na 20. A 1953 aka damƙa yankin Sakkwato, har da Katsina, ga fadojin Dominikan daga Amurka, a 1964 ya zama cikakken dayosis, wanda Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagoranta tun 2011.

Sirrin da ba a fasawa

Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A wurin fada wannan doka ce mai hukunci. Abin da ya ji a furci ba ya faɗa wa kowa: ba bishop, ba ɗan sanda, ba alƙali, ba matar mai furci, ko bayan mutumin ya mutu. Ba shi da izinin ya yi amfani da abin da ya ji ta hanyar da za ta cutar da mai shi. Fadan da ya tona kai tsaye ya kori kansa daga coci nan take, kuma fadar Fafaroma kaɗai ke iya ɗage masa hukuncin. Idan an sa tafinta, misali mai furci Hausa kaɗai yake ji fada kuwa ba ya ji, shi ma amanar ta hau kansa, haka duk wanda ya tsinci maganar a kan layi. Katolika suna girmama John Nepomuk, wanda Sarki Wenceslas na Huɗu ya sa aka jefa a kogin birnin Firag a 1393. Labarin da suka gada ya ce laifinsa shi ne ya ƙi faɗa wa sarki abin da sarauniya ta furta.

A zamaninmu wannan sirri ya shiga tsaka mai wuya. Hukumar binciken cin zarafin yara ta Ostareliya, a rahotonta na 2017, ta ba da shawarar a tilasta wa fadoji kai rahoton irin wannan laifi ko da a furci suka ji shi. Jihar Victoria ta yi doka a 2019, Queensland ta bi a 2020 da hukuncin ɗauri har shekara 3. A Faransa, bayan rahoton da hukumar Sauvé ta fitar a Oktoban 2021 kan cin zarafin yara a cocin Katolika, shugaban majalisar bishop-bishop ya ce sirrin furci ya fi ƙarfin dokokin ƙasa, abin da ya sa ministan cikin gida ya kira shi ya yi bayani. Fadar Vatican ta riga ta fitar da sanarwa a 2019 cewa ba za ta sassauta ba.

Kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi. Masu neman doka suna cewa ran yaro ya fi kowane sirri, kuma cocin da aka samu shugabanninsa da rufa wa masu laifi asiri ba shi da bakin neman a amince masa ido rufe. Coci kuwa yana cewa ranar da aka san fada zai kai ƙara, mai laifi ba zai sake zuwa ba, an kuma rasa damar matsa masa ya miƙa kansa ga hukuma. Abin da babu jayayya a kai shi ne sirrin ya tsaya ga abin da aka faɗa a furci kawai. Duk abin da fada ya ji a ofis, ko a makaranta, ko daga bakin iyaye, ba shi da wannan kariya, kuma ɓoye shi cin amana ne.

Musulmin Ƙofar Marusa ba zai yarda cewa akwai ɗan Adam da ke tsayawa tsakanin mai tuba da Allah ba, ɗan Katolika kuma ba zai bar abin da ya gada ba. Zaman tare bai buƙaci ɗayansu ya sauka daga aƙidarsa. Abin da yake buƙata shi ne kowa ya faɗi addinin maƙwabcinsa yadda mai shi zai ji ya ce haka ne. Mai wa'azi da malamin makaranta da mai rubutu a Facebook su fara kiyaye wannan, wanda kuma abin ya shige masa duhu ya tambayi masu shi, domin suna nan tare da mu a kasuwa da wurin aiki.