Kafin Cara Ta Tona Asiri

Kwana 21 kaza kan yi tana kwanci kafin ta fito daga akurki da ayarinta. A wani gida da nake yawan shiga a Sabon Garin Jega, wata wake-wake ta ƙyanƙyashe guda tara bayan an gama yankan shinkafa a fadamar Gulbin Zamfara. Ranar, in ka tambaye ni, ba namiji ba mace. Duk dunƙulen auduga ne mai ƙafa biyu, duk kuka iri ɗaya. Amma tsohuwar gidan, wadda kowa ke ce wa Inna, ba ta yarda ba. Ta kama ɗaya ta ƙafafu, ta juya kansa ƙasa. Da ya ɗago wuya yana fafutuka sai ta ajiye shi, ta ce da harshensu na yamma, "Wanga zakara na." Na biyu ya saki jiki, ta ce, "Wagga kau kaza ta."

Tun ma yana ƙwai, wai, ana ganewa: dogo mai tsini zakara ne, kewayayye mace. Ban yi mata gardama ba, don ba a musu da mai kaji a gaban kajinta. Sai dai siffar ƙwai ta uwar da ta saka shi ce, ba ta abin da ke ciki ba, kuma tunda 'yan tsaki kan fito kusan rabi maza rabi mata, duk mai cinke zai dace sau ɗaya cikin biyu. Wanda aka dace da shi ake tunawa. Wani abin da bai kai kunnen mazan unguwa ba shi ne, a wajen tsuntsaye uwa ce ke ɗauke da ƙwayar halittar da ke raba namiji da mace, saɓanin ɗan Adam inda abin daga uba yake. Ke nan magidancin da ke hushi da matarsa don ta jera masa 'ya'ya mata, hukuncin kaji yake yi mata.

Akwai dai masu ganewa tun ranar farko. A shekarun 1920 masana a Japan suka gano cewa in aka buɗe duburar ɗan tsako akwai wani ɗan tudu da bai kai ƙwayar gero ba, wanda ke bambanta su, har abin ya zama sana'a mai makaranta tata. Jajayen kajin gidan gona masu ƙwai kuwa an haɗa irinsu ne yadda launi zai yi magana: mace ta fito ja-ja, namiji fari-fari. Kazar Hausa ba ta san wannan ba. Uwa baƙa, uban da ake zargi ja, na maƙwabta da ke tsallako katanga fari, ga fingi ga durgu duk a tsakar gida ɗaya. Launi ba ya ba da shaida a nan, sai a jira.

Jiran ma ba kowane ɗan tsako ke kai ƙarshensa ba. Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, kuma tsoronta da dalili. Cikin taran nan shirwa ta sure biyu, ɗaya ya faɗa kaskon ruwa, wannan kaskon da ƙadangare kan sha albarkacin kaza. Shida suka rage suna cin tsaki da dusa, da garar da yara kan tono musu da safe.

Wajen sati shida zuwa takwas kai ya fara magana. Zankon namiji kan riga tashi, ya yi ja kamar an ɗiga masa manja, naman ƙarƙashin bakinsa ya fara leƙowa, alhali na 'yar'uwarsa yana nan a kwance, fari-fari, sai ta kusa fara ƙwai zai yi jini. Ƙafarsa ta fi kauri da tsawo. Sau da yawa kuma shi ne mummunan cikinsu, don mace kan riga shi rufe jiki da gashi, ta yi jela tsaf, shi kuwa yana yawo da kafaɗu a tuɓe kamar almajirin da rigarsa ta ƙare. In aka jefa tsaki shi ke gaba. In inuwa ta gifta a sama, ya miƙe wuya yana kallo da ido ɗaya. Za ka ga biyu sun tsaya gaba da gaba sun tayar da gashin wuya, sun yi tsalle sun haɗa ƙirji, irin 'yan damben da ba su sami makaɗi ba. Kada wannan ya ruɗe ka, matan ma suna yi, don su ma akwai babba da ƙarama a tsakaninsu. Ƙaimi shi ma ba abin dogaro ba ne da wuri, kowane ɗan tsako yana da ɗan tsiron a bayan ƙafa.

Shaidar da ba ta ƙarya sai wajen wata uku. Ka ɗaga shi ka duba gashin wuya da na gadon baya kusa da jela. Na zakara siriri ne mai tsini, yana sheƙi, yana zubowa gefe, jelar kuma ta fara lanƙwasa kamar lauje. Na sagara bakinsa a kewaye yake, ba sheƙi. A nan ne wanda Inna ta rantse zakara ne ya tashi sagara sak. Da na tuna mata, sai ta ce ai ba shi ba ne, wancan shirwa ta ɗauke.

Carar farko abin dariya ce. Wajen wata huɗu ko biyar, wata asuba, sai a ji wani abu bayan rumbu kamar ƙofar kwano mai tsatsa, ya fara ya sarƙe a tsakiya. Wani ma yakan jinkirta in akwai babban zakara a gidan. Masu bincike a jami'ar Nagoya sun nuna a 2013 cewa agogo ne a jikin zakara ke tashinsa, ba hasken alfijir kawai ba, sannan a 2015 suka nuna cewa shugaban garke ke fara cara, na ƙasa su biyo baya bi da bi. Tsofaffinmu da suka yi sahur da carar zakara kafin lasifika ta zo ba su buƙaci a gaya musu na farkon ba. Hadisi ma ya koyar da a roƙi falalar Allah in an ji ta.

Hausawa sun ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Na daɗe ina lura cewa karin maganar ta lissafa muzuru da shaho, ta yi shiru a kan wuƙa. Duk wannan leƙen zanko da gashin wuya ba don sha'awa ake yinsa ba, rabon gado ne. Sagara jari ce, tana kai wata shida ko bakwai za ta fara ƙwai, ta zama kuɗin sabulu da na makarantar allo na matar gida. Zakara ɗaya kuwa ya ishi kaji goma. Sauran na baƙo ne, na mai jego, na Sallah, ko a ɗaure musu ƙafa a rataya a babur zuwa kasuwar Jega, inda na Aliero da na Maiyama ke haɗuwa a kejin dillali ɗaya. Duk da haka ya fi ɗan'uwansa na gidan gona a Turai, wanda ake hallakawa ranar da ya fito don ba zai yi ƙwai ba, ko da yake Jamus ta hana hakan a ƙasarta a 2022. Namu yakan ci wata biyar yana tono, ya yi cara, sannan sabo da kaza ya kasa hana yanka.

Mai tsautsayin gaske ita ce macen da ta yi cara. Camfi ya ce mugun abu take kira, a yanka ta kafin rana ta faɗi. Alhali sau da yawa ciwo ne: mahaifar ƙwai ɗaya ce ke aiki a jikin kaza, ta hagu, in ta lalace sai ta daman ta farka da sinadarin maza, zanko ya tashi, murya ta buɗe.

Cikin shidan Inna, huɗu suka tashi mata, biyu maza. Ja ya fara cara ranar wata Laraba. Fari bai ce uffan ba har yau, yana bin bayan uwarsa da wuya a sunkuye, kuma jikokin gidan sun kasu biyu a kansa. Inna ta ce a bar shi tukuna. Jan kuwa, surukinta na zuwa daga Maiyama jibi.