IYAKAR NISAN WAYAR HANNU DA NA WAIFAI: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Tun shekarar 2001, da aka ba kamfanoni iznin kafa wayar hannu a Nijeriya, wannan na'ura ta zama abin aikin mulki. Daga baya kuma aka sami waifai, watau hanyar da kwamfutoci ke haɗuwa da intanet ba tare da igiya ba. Mutane da yawa sun ɗauka abu ɗaya ne, har akan sayi akwatin waifai a kai ƙauyen da babu sabis, kuɗi su tafi a banza. Saboda haka ya kamata a san bambancinsu.

Yadda Suka Bambanta

Dukansu biyu da igiyar rediyo suke aiki, amma wayar hannu kamar mai shela ce a kan tudu, waifai kuwa kamar hira ce a cikin zaure. Dalilai uku suka kawo haka.

Na farko, tsawo. Ƙarfen sabis yakan kai mita 30 ko fiye, ya ɗara gidaje da itatuwa, amma akwatin waifai a kan tebur yake zaune.

Na biyu, ƙarfi. Wayar hannu tana iya fid da ƙarfin wat 2, waifai kuwa galibi bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wat ɗaya ba. Kamfanonin waya sun sayi igiyarsu da tsada, dala miliyan 285 kowane a 2001, don haka ba mai shiga musu. Igiyar waifai kuwa ta kowa da kowa ce, shi ya sa aka rage mata ƙarfi, kada maƙwabci ya dame wa maƙwabci.

Na uku, irin igiyar. Tsarin GSM yana aiki a kan megahaz 900 da 1,800, waifai kuwa a kan 2,400 da 5,000. Gwargwadon hawan lambar, gwargwadon yadda bango ke tare ta. Katangar ƙasa mai kauri, irin ta tsofaffin gidajen birnin Sakkwato, da rufin kwano, suna raunana waifai ƙwarai.

Iyakar Kowanne

Waifai yakan kai mita 30 zuwa 50 a cikin gida, a fili kuwa kamar mita 100. Iyakar GSM ita ce kilomita 35, watau kamar mil 22, gama wayoyi takwas ke karɓa-karɓa a layi ɗaya, saƙon da ya fito daga nesa da haka yakan makara, ya rasa rabonsa. Ba safai ake kai wannan iyaka ba. A cikin birni, inda jama'a suka yi yawa, ana kafa ƙarafa kusa da juna, kowane ya ɗauki 'yan unguwanni kaɗan.

A lura kuma, waya ba ta magana da waya kai tsaye, sai ta bi ta ƙarfe. An ga haka a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni. Da ƙarafan suka yi shiru, wayoyin suka zama ba su da amfani. Yawancin akwatunan waifai ma da katin waya suke ɗebo intanet, in babu ƙarfe kusa, ba abin da za su raba.

Abin Da Ake Bukata

Hakimin da ke son kwamfutocin ofishinsa su haɗu, waifai ya ishe shi, a ɗora akwatin sama a tsakiyar gini. Amma in ƙauye ne ba ya iya kiran likita ko jami'an tsaro da dare, maganinsa ƙarfen sabis. Sai malamin hakimi ya rubuta sunan ƙauyen, da yawan mutanensa, da nisansa daga ƙarfe mafi kusa, da wurin da akan tsaya a sami sabis, a aika ta hannun ƙaramar hukuma zuwa ga Hukumar Sadarwa ta Ƙasa. Rahoto mai ƙididdiga ya fi kuka saurin samun amsa.