Kiristocin ƙasar Maraɗi da Karɓar Baƙo

Garin Cadawa, cikin gundumar Agye, yana bisa babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Damagaram, kuma daga nan ne hanyar Mayahi ta rabu. Gari irin wannan ba ya rabo da baƙi: ɗan kasuwa da mota ta lalace masa, ɗan cin rani, mace mai neman magani ga ɗanta. Bahaushe ya ce baƙonka annabinka. Kiristocin wannan yanki, waɗanda ƴan kaɗan ne cikin jama'a Musulmi, sun tashi cikin wannan al'ada, sa'an nan addininsu ya ƙara ɗaure su da ita.

Abin da suka dogara gare shi yana cikin Linjila ta Luka, sura ta 10. An tambayi Yesu Almasihu wane ne maƙwabci. Sai ya ba da misalin matafiyi da ƴan fashi suka raunata suka yar bakin hanya. Manyan addini biyu suka wuce shi. Wanda ya tsaya ya ɗaure masa raunuka, ya kai shi masauki, ya biya kuɗi daga aljihunsa, mutumin Samariya ne, ƙabilar da Yahudawa ba su ga maciji da ita. Ke nan ga Kirista, ba dangi ko addini ke sa mutum ya zama maƙwabci ba.

Mishan ta SIM ta zauna Tsibiri a 1928. Amma aikin da ya fi shiga zuciyar talakawa shi ne gidan likita na Danja, kudu da Maraɗi, wanda aka buɗe a 1956 domin masu ciwon kuturta. Sai mai karatu ya tuna matsayin kuturu a wancan zamani: ƙwaryar shansa daban, tabarmarsa daban, wani ma danginsa sun gaji da shi ya koma bara. A Danja an wanke masa gyambo da hannu, an ba shi wurin kwana da magani. Yau kuturta tana warkewa da ƙwayoyi da ake bayarwa kyauta. A 2012 kuma aka buɗe wani sashe a can domin mata masu yoyon fitsari, su ma mutanen da sau da yawa gida ke juya wa baya.

Sai yunwar 1984, wadda mutanen Nijar suka laƙaba wa suna El Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Ruwa bai sauka ba, rumbuna suka ƙare, mutane suka watsu bisa hanyoyi. Wani malamin gona na mishan, Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, ya shirya rabon hatsi a ƙauyuka kusan 100 na ƙasar Maraɗi. Wanda ya karɓa, an nemi ya bar tohon itace a gonarsa ya kula da shi, abin da ake kira sassaben zamani. Da yunwa ta wuce, manoma da yawa suka sare itacen. Waɗanda suka bar nasu sun ga amfani, maƙwabta suka yi koyi. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna da wannan aiki.

Gaskiya ce an yi zargi. Wasu sun ɗauka hatsi da magani koto ne na jan mutane zuwa wani addini, kuma zargin ba abin raini ba ne, don mai jin yunwa ba ya iya musu da mai ludayi. Ma'aunin da ya dace shi ne a duba ko an tambayi mutum addininsa kafin a zuba masa. Akasarin waɗanda suka sha magani a Danja da Galmi Musulmi ne, Musulmi kuma suka koma gida.

Abin da ya fi yawa dai ba a rubuce yake ba. Matar da ta dama wa baƙo fura ba ta san sunansa ba, mai gida da ya shimfiɗa tabarma a zaure, ƴan zumuntar mata da ke haɗa tiya-tiya na hatsi su kai wa mai jinya da ya zo daga nesa.

A 2019 dubban mutane suka gudo daga Zamfara da Sakkwato saboda ƴan bindiga, suka shigo gundumar Gidan Runji. Kafin hukuma da HCR su shirya masu matsuguni a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, mutanen ƙauyukan bakin iyaka ne suka sauke su, suka raba tuwo da su. Masu masaukin nan galibinsu Musulmi ne, manoma waɗanda hatsinsu ba ya kai su kaka.