Ranar Da Na Zama Baturiya

Jama'a, muna sakandare mun taɓa yin wasan barkwancin Ingila, She Stoops to Conquer, na Oliver Goldsmith, wanda aka fara nunawa a Landan a 1773. Ni ce Kate, 'yar masu gida da ta koma 'yar aiki don shawo kan Marlow, saurayin da bakinsa ke mutuwa gaban 'yan matan manya. Wata guda muna maƙale murya, muna Turanci ta hanci. Ranar wasa tsoro ya kama ni, Turancin Ingila ya gudu, na gida ya dawo. Wallahi ba wanda ya kula! Kunyar Marlow aka yi wa dariya, don kowace mace ta san irinsa. 'Yar'uwa, in naki ya kasa magana, kada ki yi saurin korarsa.