Fuska da Motsin Jiki a Wasan Silima

Hausawa kan ce, labarin zuciya a tambayi fuska. Kafin shekarar 1927, lokacin da murya ta fara shiga manyan finafinai, fuska da gaɓoɓi su ne harshen ɗan wasa.

Alal misali, a dubi Charlie Chaplin, mutumin Ingila, cikin fim ɗinsa City Lights na 1931. Ya fito a matsayin fakiri mai ƙaton takalmi da 'yar sanda, amma yana ɗaga hula irin ta masu daraja. Watau tafiyarsa kaɗai ta nuna mutumin da talauci bai raba shi da mutunci ba.

Shi ne ya samo wa wata makauniya mai sayar da furanni kuɗin magani, ita kuwa tana zaton attajiri ne. Bayan idonta ya buɗe, sai da ta taɓa hannunsa ta gane shi. Nan aka matso da kyamara kan fuskarsa: ga murmushi, ga yatsa a baki, ga farin ciki gauraye da tsoron raini.

Saboda haka, wajibi ne mai nazarin fim ya karanta ido da hannu kamar yadda yake sauraron baki, domin nan hali yake fitowa.