Ƙugiya, tsinke da mayen ƙarfe: yadda ake raba taragun ƙaramin jirgin ƙasa da kayan gida

Duk wanda ya bi hanyar Yamai zuwa Filinge, ya ratsa Baleyara ya tsaya a Bonkuku lokacin girbin dankalin turawa, ya ga yadda ake fitar da amfanin fadamar Dallol Bosso: amalanken jaki daga garka zuwa bakin hanya, daga nan kuma manyan motoci zuwa kasuwannin babban birni. Jirgin ƙasa ba ya cikin lissafi. Amma a bayan gidaje za ka tarar da yara suna jan motocin da suka ƙera da waya, karan hatsi da gwangwanin sadin, wani ma ya ɗaura wa tasa tirela biyu ko uku da zare. Matsalar da yaron yake fuskanta idan zai cire tirela guda ba tare da ya tsinka zaren ba, ita ce ta daɗe tana damun ma'aikatan jirgin ƙasa, kuma ita ce masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo suke warwarewa da kayan da ba su kai dala biyar ba.

Ƙaramin jirgi mai ma'auni

A Turai, Amurka da Japan akwai manya da yara da suke shimfiɗa ƙaramin layin dogo a bisa tebur, da tasha da gadoji, jirgin kuma yana tafiya da lantarki. Kamfanoni irin su Märklin na Jamus, Hornby na Ingila da Jouef na Faransa sun yi suna wajen ƙera su. A birnin Hambug na Jamus har akwai gidan kallo, Miniatur Wunderland, da aka buɗe a 2001 don wannan abu kaɗai.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake kira HO, inda ake rage komai sau 87. Faɗin layin dogo na zamani milimita 1435 ne. Idan an raba shi da 87 sai ya koma milimita 16 da rabi. Tarago mai tsawon mita 14 yana zama kimanin santimita 16. Akwai kuma ma'aunin N, mai rage abu sau 160, wanda faɗin layinsa milimita 9 ne kacal.

A irin wannan ƙanƙanta, yatsa ba ya shiga tsakanin tarago biyu. Idan aka ɗaga guda da hannu, ƙafafun na kusa da shi sukan sauka daga layi, ƙananan tsanuka da hannuwan roba su karye. Don haka ake bukatar wani ɗan abu siriri da zai shiga inda yatsa ba ya shiga.

Darasi daga manyan jirage

A ƙarni na 19, a Amurka, ana haɗa taragu da zoben ƙarfe da ƙusa. Ma'aikaci yana tsayawa tsakanin taragu biyu, ya riƙe zoben da hannu har ya shiga bakin ɗayan, sannan ya sako ƙusar. Yatsu da hannuwa da rayuka da dama sun tafi a wannan aiki. A 1873 wani mai suna Eli Janney ya yi rajistar wata sabuwar mahaɗa mai kama da hannu biyu da suka lanƙwashe yatsu suka riƙe juna: taragu na gwabzawa sai ta kulle da kanta, a kuma buɗe ta da sandar ƙarfe daga gefe. A 1893 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar da ta tilasta wa kamfanoni amfani da mahaɗar da ba ta bukatar mutum ya shiga tsakani.

A Ingila, inda taragun kaya suka daɗe suna haɗe da ƙugiya da sarƙa, ma'aikatan tasha sun riƙa amfani da doguwar sanda mai lanƙwasasshen ƙarfe a baki, su ɗaga sarƙar daga waje. A yawancin ƙasashen Turai har yanzu taragun kaya da dama da ƙugiya da sukurun ɗaurewa ake haɗa su. Abin da aka koya daga wannan tarihi shi ne hannu ya tsaya a waje, kayan aiki ya shiga ciki.

Mahaɗa iri uku, kayan aiki iri uku

Na farko shi ne irin na Ingila: kowane tarago yana da ƴar ƙugiya da ke faɗawa a bisa sandar na gabansa. Tun da ƙugiya biyu ne, sai an ɗaga su lokaci guda. Ana samun wayar ƙafar keke ko ɗan ƙarfen maƙale takardu, a miƙe shi, a lanƙwasa bakinsa kamar santimita guda ya yi kusurwa, a manna masa ɗan yankin roba mai faɗi daga tsohon katin waya. Ɗaya bakin a cusa shi cikin bututun tsohon bik don ya yi mariƙi. A zura faffaɗan bakin ƙarƙashin ƙugiyoyin daga gefe, a ɗaga kaɗan, a ja jirgi. Wasu kuma sukan kafa siririyar roba mai ɗan tudu a tsakiyar layin, ta riƙa tura ƙugiyoyin sama idan jirgi ya tsaya a kanta.

Na biyu shi ne wanda aka fi sani a Jamus da Faransa: ɗan madaukin ƙarfe ne yake faɗawa a bisa ƙahon tarago na gaba. Shi ma ɗagawa ake yi, kuma kayan aikin da aka bayyana a sama yana yi masa, in dai bakin ya yi siriri.

Na uku shi ne kwaikwayon mahaɗar Janney, wanda kamfanin Kadee na Amurka ya shahara da shi. Nan tsinken tsire ya wadatar. A fiƙe bakinsa, a zura shi daga sama a tsakiyar haƙoran biyu, a murza shi a hankali kamar mai buɗe kwado, sai haƙoran su rabu. Inda haske ya yi ƙaranci, ana ɗaure tsinken a jikin ƙaramar tocila da robar tayar keke.

Wannan irin yana da wata dabara kuma. A ƙarƙashin kowace mahaɗa akwai lanƙwasasshiyar waya ta ƙarfe. Idan aka kafa mayen ƙarfe a tsakiyar layi, yana jan wayar wannan dama, ta wancan hagu, haƙoran su buɗe ba tare da an taɓa komai ba. Sai dai a kula: mayen ƙarfe mai ƙarfi fiye da kima yakan fizgi taragun da ke da gindin ƙarfe su raba kansu inda ba a so. Ƙananan mayen ƙarfe kuma haɗari ne ga yara ƙanana, domin idan aka haɗiye biyu suna iya manne wa juna a cikin hanji, abin da ke kai wa ga tiyata.

Sirrin yana ga sassauci

Kuskuren da sabon hannu ya fi yi shi ne ya nemi raba taragu alhali suna ja da juna. Muddin mahaɗa tana a miƙe, ƙugiya ba ta ɗaguwa, haƙori ba ya buɗuwa. Ƙarfi kawai zai karya su. Sai an ɗan turo jirgin baya har taragun su matso, mahaɗar ta yi sako-sako, sannan a sa tsinke. Mai amalanke ya san wannan: ba a kwance igiya jaki na ja. Direban babban jirgi ma haka yake yi kafin a cire tarago. Wannan ne ma dalilin da ya sa jirgi yake wuce kan mayen ƙarfe yana tafiya bai rabu ba, sai idan ya tsaya ya sassauta.

Abu na biyu shi ne tsayi. Idan mahaɗar wannan ta fi ta wancan tsawo daga ƙasa, za su riƙa kuɓucewa a kan tudu ko kwana. Masu wannan sha'awa sukan yanka ɗan katako su yi masa alama, su auna kowane tarago da shi.

Me ya haɗa mu da wannan?

Nijar tana da layin dogo, amma ba ta da jirgin da ke jigila. An ƙaddamar da tashar Yamai a watan Afrilun 2014, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa layi mai faɗin mita guda na kimanin kilomita 140 zuwa Doso, aka yi bikin buɗe shi a Janairun 2016, amma bai kai ga haɗuwa da layin Kwatano zuwa Paraku na ƙasar Benin ba. A gefen Najeriya, inda jirgi ya isa Kano tun 1911, an aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 a Fabrairun 2021. Duk ranar da jirage suka soma aiki, za a nemi masu haɗa taragu, masu gyara da masu kula da tasha, kuma yawancin yaran da za su yi wannan aiki ba su taɓa ganin jirgi da idonsu ba.

Malamin lakwal a Bonkuku ko Filinge ba ya bukatar kayan Märklin kafin ya nuna wa ɗalibai wannan. Gwangwanin sadin huɗu, marafan kwalba a matsayin ƙafafu, waya ta zama ƙugiya a gaba da madauki a baya, kara biyu a jere su zama layi. A ba yara lissafin ma'auni: idan aka rage hanyar Yamai zuwa Doso sau 87, mita nawa za ta zama? Amsar ta wuce mita 1600 kaɗan. Sannan a kafa musu sharaɗi guda: a cire tarago na uku daga jerin, a bar sauran a bisa layi, kuma ba a yarda yatsa ya shiga tsakani ba. Wanda ya fara gano cewa sai an turo jirgin baya kafin ƙugiya ta ɗagu, shi za a ba tsinken ya nuna wa sauran.